Awon Giyar Tormod

Tsibirin Lewis,
15 ga Janairu, 1996

Zuwa ga Yayata Ishbel,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yaran, da jikar nan taki da har yau hotonta kawai na sani. Yaya ƙafar taki da sanyin Kanada? Mu muna nan yadda kika bar mu, ruwa da iska. Tumaki sun rame amma ba wadda ta mutu.

Wasiƙarki ta kafin Kirsimeti ta iso, na kuma bi shawararki, don haka ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Kin ce in ƙanenmu Tormod ya dawo gida da halinsa na sha, in tattara duk abin da ya shigo da shi in zubar, in hana shi fita, kwana uku zai warware. Ya dawo kuwa, bayan shekara tara a Glasgow, da jaka ɗaya da takalmin da ba nasa ba. Da yana saukowa daga jirgin ruwa sai da na wuce shi, na ɗauka wani tsoho ne. Mutumin da bai cika hamsin ba, Yaya.

Ba irin abin da Baba da abokansa ke kurɓa ranar sabuwar shekara yake sha ba. Wata farar giya ce a ƙatuwar gorar roba shuɗiya, wai giyar tuffa, ko da yake ban yarda ta taɓa haɗa hanya da tuffa ba. Warinta irin na abin wanke bayan gida. Ta fi lemon kwalba araha, ta kuma ninka giyar mutane ƙarfi. In bai same ta ba, akwai wata ta gwangwani, ita ma haka take. Don irin su Tormod aka yi su, ba mai sayensu don daɗi.

Ranar biyu ga wata yana barci na ɗaga buhunan ulu, na leƙa bayan masaƙar Baba, na zazzage jakarsa. Gora biyar na samu da gwangwani goma sha ɗaya. Na tuttule su a magudana ina rera zabura, ina jin ba wanda ya kai ni. Na kuma ɓoye takalmin. Da ya tashi bai zage ni ba. Ya dubi gorunan ya ce, "Yaya Murdina, kin kashe ni ba ki sani ba." Na ce ya bar min wasan yara ya zo ya ci dankali.

Washegari ya wuni yana gumi yana karkarwa, na ce shaiɗan ne ke fita. Rana ta biyu da hantsi ina wanke kwano na ji ƙara a bayana. Ya faɗi kusa da murhu, jikinsa ya sandare, sannan ya kama jijjiga, idanu sun juye, ya ciji harshensa jini na zuba a kan tabarmar Inna. Ban taɓa ganin farfaɗiya da idona ba sai ranar. Ban san yadda na kai ga waya ba.

Likita Nicolson ta zo, yarinya ce 'yar tsibirin Skye, ba ki san ta ba. Bayan ta yi masa allura ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa. Ta ce, "Mama, wa ya ce ki zubar?" Ban ambaci sunanki ba. Ta ce, "Jikinsa ya saba da ita har ba ya iya tsayuwa sai da ita. In aka yanke masa lokaci ɗaya, tana iya kashe shi. Yau ya tashi. Karo na gaba ban yi miki alkawari ba." Akwai maganin da ake raba mutum da ita, amma hantarsa ta lalace, ba za a ba shi a gida ba, sai an kwantar da shi a babban asibiti can Inverness. Gado kuwa sai cikin watan Maris. Na ce, to kafin nan fa? Ta ce, "Kafin nan ke za ki riƙa ba shi giyar. Ta gwangwani, don ta fi sauƙin awo. Goma sha biyu a rana, duk kwana goma ki rage ɗaya. Kada ki ƙara, kada kuma ki tsallake, ko da shi ya roƙe ki."

To ga inda muke. Ni Murdina, da na shekara ashirin da biyu ina zama a teburin Jibin Ubangiji, wato cin gurasa mai tsarki a coci, da ban taɓa sa ko ɗigo a bakina ba, ni ce ke hawa motar ƙarfe tara zuwa garin Stornoway sau uku a mako da jakar kasuwa mai taya, in cika ta da giya in dawo. Gwangwani kuwa ba ya rufa wa mutum asiri, duk ramin da mota ta faɗa sai sun gaida jama'a. Ranar Alhamis Etta matar marigayi Donald ta juyo daga kujerar gaba ta ce, "Murdina, biki za a yi ba a gayyace mu ba?" Na ce magani ne. Ta ce, "Ikon Allah, wane irin ciwo ne wannan?" Na ce, "Irin wanda ya kashe mijinki, sai dai ku kun ce zuciya ce." Na san ban kyauta ba, ban kuma janye ba.

Ba laifinki nake gani ba, Yaya, hannuna ne ya zubar. Amma kada ki aiko min da wa'azi, ina da masu yi min a nan. In za ki aiko da wani abu, ki aiko masa da safa mai kauri. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Murdina


5 ga Fabrairu, 1996

Yaya Ishbel,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku baki ɗaya. Safar ta iso, ya sa biyu a haɗe, ya ce a yi miki godiya.

Na san kafin wannan ta zo hannunki Etta ta buga wa 'yarta waya a Toronto, labari ya iso miki da gishirinsa. To ga shi daga bakin mai shi.

Ranar Asabar iska ta kayar da turakun waya a kan hanya, mota ba ta zo ba. Tormod yana kan gwangwani tara a rana yanzu, abin da ya rage min kuwa biyar. Na ja su har yamma. Jiya Lahadi muka tashi ba ko ɗaya, ba waya, kuma kin san tsibirinmu, inda ko shanya ba a yi ranar Lahadi balle a buɗe kanti. Wajen ƙarfe goma ya kasa riƙe kofin shayi. Gumin nan ya karyo masa, na ga idonsa ya fara yin yadda ya yi ranar da ya faɗi. Na riga na sa hular coci da baƙar rigata. Ban cire ba, na fita.

Mutum ɗaya na san ba a rasa ta a gidansa, Lachie, abokin Tormod tun suna makaranta, wanda ke zaune a kangon gidan uwarsa can ƙarshen ƙauye, gaba da coci. Ya buɗe ƙofa lulluɓe da bargo, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Mutuwa aka yi ko wa'azi aka kawo min har gida?" Na ce, "Giya na zo nema." Ya ce, "Tsaya in zauna." Ya zauna a bakin ƙofa ya ce, "Yaya Murdina, ke ce kuwa? Ke da kika kore ni da tsintsiya bara?" Na ce, "Tsintsiyar tana nan tana jiranka. Miƙo, Tormod zai faɗi." Nan take wasa ya bar fuskarsa. Gora ɗaya gare shi, irin shuɗiyar nan. Ya tsiyaye rabi a butar shayi ya ce, "Rabi nawa, rabi nasa. Ba rowa ba ce, ni ma in ban sha ba inda yake can zan je." Ya ce in bi ta bayan ƙauye ta cikin fadama kada a gan ni. Wannan hanyar awa guda ce, ni kuwa ba ni da awa guda.

Sai na biyo titi, daidai lokacin da ƙauye duka ke tafiya coci. Ki zana abin a ranki: kowa cikin baƙi, ana tafiya a hankali ba mai magana, ni kaɗai nake tahowa ta inda suke nufa, Littafi Mai Tsarki a hammata ɗaya, shuɗiyar gora a ɗayan hannun tana kumfa. Ba ta shiga aljihu, ba ta shiga ƙarƙashin riga. Da na ga haka sai na daina ƙoƙarin ɓoyewa, na rungume ta a ƙirji, ina gaida kowa da sunansa.

Kawu Finlay yana tsaye a ƙofar coci yadda ya saba tun da aka naɗa shi dattijon coci. Ya tsufa, Yaya, amma muryar tana nan. Ya ce, "Murdina, ajiye wannan abin." Na ce, "In na ajiye wa zai kai masa, Kawu?" Ya ce, "Yau ranar Ubangiji ce." Na ce, "Na sani, shi ya sa na sa hula. Bara da saniyarka ta kasa haihuwa ranar Lahadi ban ga ka jira Litinin ba." Ya ce, "Wannan dabba ce." Na ce, "To wannan ɗan ƙanwarka ne." Na wuce.

Na tarar da Tormod a ƙasa ya jingina da gado, bai faɗi ba tukuna. Na auna masa a kofi, na riƙe masa ya sha. Bayan rabin awa hannunsa ya lafa. Da ya gane gorar Lachie ce, ya kuma ga hular a kaina, ya san ta inda na biyo. Ya rufe fuska ya ce, "Yaya, da kin bar ni." Na ce, "In na bar ka wa zai gyara min ƙofar garke?"

Kada ki ɗauka na fara son abin nan. Na tsane shi fiye da da, don yanzu na san warinsa a hannuna. Na tsani duk wanda ya zauna a ofis ya lissafa yadda zai yi shi da ƙarfi haka da araha haka. Amma ƙanena yana numfashi a ɗakin da ke kusa da nawa, kuma in Lahadi mai zuwa ta sake kama ni haka, titin zan sake bi.

A gaida maigidan da yara.

Taki,
Murdina


27 ga Fabrairu, 1996

Yayata,

Ina gaisuwa, ina kuma fata murar da kika ce ta kama ku ta sake ku. Takardarki ta zo. Na karanta wurin da kika ce in tuna da sunan Baba. Na tuna. Tormod ma sunan Baba gare shi.

Bari in fara da mai daɗi. Mun sauko gwangwani bakwai a rana. Yana cin kifi da dankali har ya nemi ƙari, ya gyara ƙofar garken, kuma makon jiya ya share ɗakin saƙa ya shafa wa masaƙar Baba mai. Da na ji ƙararta daga kicin sai da na ajiye wuƙa na tsaya. Saƙar ba ta yi kyau ba, duk ta karkace, na ce masa ko tunkiya ba za ta yarda ta sa ba, ya yi dariya irin tasa ta da. Yanzu ɗakin saƙar yake kai gwangwaninsa ya sha, ya kawo min wofin. Takardar asibiti ma ta zo: an ba shi gado ranar Litinin, sha takwas ga Maris. Na liƙa ta a jikin kabad inda zai riƙa gani.

Sai marar daɗin. Dattawan coci sun kira ni ranar Juma'a. Fasto da su biyar a ƙaramin ɗakin nan na baya, ni a kujera ɗaya a tsakiya. Na kai musu takardar da Likita Nicolson ta rubuta. Fasto ya karanta, na ga ta shige shi, amma baƙo ne, shekararsa biyu a nan, ba ya ƙetare maganar Kawu Finlay. Kawu ya ce, "Likita ta san jiki, mu rai aka ba mu amana. Ba a fitar da mutum daga zunubi da cokali. Ni nan na sha, kuma rana ɗaya na bari da ikon Allah, shekara hamsin ke nan." Na ce, "Kai Asabar-Asabar kake sha, Kawu. Shi shekara tara da ita yake karya kumallo." Wani ya ce in iya bakina. Na ce bakin nan da shi aka haife ni, su ma sun sani.

Kin san Jibin Ubangiji ya kusa, ranar goma ga Maris. Kin kuma tuna 'yar ƙwandalar darmar nan da dattawa ke miƙa wa mutum ranar Asabar, wadda in ba ka da ita ba ka zama a teburin. Hukuncinsu shi ne, ko a wayi gari makon Jibi ba giya a gidana, in kuma amsa a gabansu cewa na yi laifi ranar Lahadin nan, ko a hana ni ƙwandalar. Na ce, "Kwana takwas ne tsakanin Jibi da gadonsa. Ku ba ni kwana takwas." Kawu ya ce ba a ciniki da teburin Ubangiji. Na miƙe na ce, "To ku riƙe ƙwandalarku. Laifin da na yi guda ɗaya ne, ranar da na zubar da giyarsa, kuma ba a gabanku zan amsa shi ba."

A gabansu ke nan. A gabanki zan faɗi gaskiya: ya yi min ciwo. Shekara ashirin da biyu ban taɓa rasa teburin nan ba, ko shekarar da na karye a rarrafe na je. Na dawo gida na shiga garke na yi kukana wajen tumaki, na wanke fuska, na shiga na buɗe masa gwangwanin ƙarfe huɗu. Ban gaya masa ba, ke ma kada ki rubuta masa. Kwana ashirin ya rage, zan iya.

Kawu ba mugu ba ne, shi ne abin haushin. Da gaske yake ganin ceton mu yake yi.

Ki yi mana addu'a, irin wadda ba ta da shawara a ciki.

Ƙanwarki,
Murdina


14 ga Maris, 1996

Yaya Ishbel,

Ina gaishe ki, ina yi miki gaisuwar rashin da muka yi ni da ke. Allah ya ba mu haƙuri. Ina fata kin samu kin ci wani abu tun ranar da muka yi waya. Kada ki damu da rashin zuwanki, ba yadda za a yi ki iso. Jiya aka binne Tormod kusa da Inna. Abin da na kasa faɗa miki a waya shi zan rubuta.

Makon jiya yana kan shida. Ranar Alhamis na ga hannunsa yana rawa fiye da kullum, na ce ragin da muka yi ne bai zauna masa ba. Ranar Juma'a bai ci komai ba, gumi ya jiƙa masa riga. Na tambaye shi, "Kana shan abinka kuwa?" Ya ce, "Ga wofin a hannunki, Yaya, me kike so kuma?" Haka ne, duk wanda na buɗe masa yana kai shi ɗakin saƙa ya dawo min da shi ba komai. Na ce in ya kai Litinin a haka zan kira likita. Ranar Asabar, lokacin da mutane ke shirin zuwa karɓar ƙwandala, na hau motar ƙarfe tara don in sayo na Lahadi. Yana bakin ƙofa da na fita. Ya ce, "Ki sayo wa kanki alewar nan mai na'ana'a, kin daɗe ba ki sha ba."

Ƙarfe biyu na dawo. Ban ji masaƙa ba. Na same shi a ƙasa a ɗakin saƙa, kansa ya bugi ƙarfen masaƙar, ya riga ya yi sanyi. A bayan buhunan ulu na ga bokitin wanki cike da giya har baki. Tun ranar Laraba yake juye ta a ciki. Likita ta ce farfaɗiyar ce ta dawo, ba kowa kusa. Kwana tara ya rage masa.

Kwana huɗu ina tambayar kaina me ya sa. Jiya na samu amsa. Bayan maza sun dawo daga maƙabarta gida ya cika, ana shan shayi, kowa na magana ƙasa-ƙasa. Kawu Finlay ya zo ya kama hannuna, idonsa da hawaye, ya ce, "Murdina, ki gode wa Allah, yaron nan ya tafi da tsabta. Ranar Laraba na same shi a ɗakin saƙa, na gaya masa abin da za ki rasa saboda shi. Na ce shi namiji ne, ya bari gaba ɗaya. Ya ba ni hannu ya yi alkawari, kuma ya cika. Yanzu gidanki ya tsarkaka. Dattawa sun yarda, a Jibin da za a yi da kaka wurinki yana nan." Don ya sanyaya min zuciya ya faɗa, Yaya. Har ransa.

Na zare hannuna. Ina juyawa na ga Lachie a bakin ƙofa, bai yarda ya shigo sosai ba. Ya yi aski, ya aro baƙar kwat da ta fi shi girma. An ba shi shayi, kofin yana ta kaɗawa a kan faranti, rabi ya zube masa a wando. Fuskarsa duk gumi a cikin wannan sanyi. Na ce, "Lachie, yaushe rabonka da ita?" Ya ce, "Tun jiya da safe, Yaya Murdina. Na ce ba zan ɗauki akwatinsa ina wari ba. Kuma na bari ke nan. Dattijo Finlay ya ce tunda Tormod ya iya, ni ma zan iya."

Jakata mai taya tana nan a zaure inda na sake ta ranar Asabar, ban taɓa ta ba. Na jawo ta tsakiyar ɗaki, gwangwanayen suna ƙara. Na ɗauki ɗaya na buɗe. Kin san ƙarar buɗe gwangwani, to ki ji ta a ɗakin da mutum arba'in suka yi shiru. Na karɓe shayin daga hannun Lachie, na sa masa gwangwanin, na riƙe hannuwansa biyu da nawa har ya kai baki. Yana kuka yana cewa, "Na yi alkawari." Na ce, "Ni ba ka yi min ba. Sha."

Kawu ya ce, "A gidan makoki, Murdina?" Na ce, "A gidan makoki, Kawu. Makoki ɗaya ya ishe ni, ba zan yi na biyu ba." Ya ɗauki hularsa ya fita, dattawa suka bi shi, sai mata ɗaya bayan ɗaya. Fasto ya tsaya a zaure kamar zai ce wani abu, sannan shi ma ya tafi. Etta kaɗai ta zauna ta wanke kofuna.

Lachie ya kwana a ɗakin Tormod. Yau da safe na kira likita na tambaye ta ko gadon asibitin nan na ranar Litinin zai yiwu a ba shi. Ta ce za ta gwada, ba ta yi alkawari ba. In ba a samu ba, za mu jira, ta ce in fara shi da gwangwani goma a rana. Ban san ko zai kai ba. Ba na ma son mutumin, ƙazami ne, ga surutu.

Abu ɗaya nake roƙon ki. Za a rubuto miki daga nan a ce ƙanenmu ya tuba ya mutu da tsabta, za ki kuma so ki yarda, don ya fi daɗin ji. Kada ki maimaita min. Tormod yana kan hanyar warkewa, gwangwani shida a rana, yana cin abinci, yana saƙa. Ya mutu ne don a ba ni wuri a tebur. Wurin nan ba zan zauna a cikinsa ba, ko da kaka ko bayan kaka.

Ki rungume min yaran. Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙanwarki da ta rage miki,
Murdina